Yadda Ake Tsara Shugabancin Ƙungiya Mai Zaman Kanta Don Kada Ta Kwanta Ranar da Mai Ita Ya Kwanta

Shekara shida na yi ina sakataren wata ƙungiyar tallafa wa marayu a unguwarmu, amma sai ranar da aka kwantar da shugabanmu a asibiti muka gane ashe ba mu da ƙungiya, mutum ɗaya muke da shi. Takardar rajista tana kulle a durowar ɗakinsa. Wayar da alat ɗin banki ke shigowa tana aljihunsa. Alhajin da ke aiko mana da buhunan shinkafa duk azumi, shi kaɗai ya san lambarsa. Mutumin kirki ne, ko kwabo bai taɓa ci ba, sau da yawa ma daga aljihunsa yake cikawa. Duk da haka sai da kuɗin makarantar yara ya maƙale wata biyu, muna kallon juna. Abin da na rubuta a nan daga wannan wahalar muka koye shi, kuma na gina shi ne a kan dokar Najeriya, domin ita na sani a aikace.

Mataki na farko: ku raba mai yin aiki da mai duba aiki

Wannan shi ne tushen komai, sauran matakan rassansa ne. Ƙungiya tana da hawa uku. Akwai babban taron membobi, wanda ke zaɓe kuma a gabansa ake kawo lissafi sau ɗaya a shekara. Akwai kwamitin amintattu, masu riƙe amanar suna da dukiyar ƙungiya. Sannan akwai babban darakta da ma'aikatansa, waɗanda ke buɗe ofis da safe su rufe da yamma.

Aikin amintattu guda huɗu ne: su tsayar da alƙiblar ƙungiya, su ɗauki babban darakta kuma su iya sallamarsa, su amince da kasafin kuɗi, su tabbatar kuɗin ya tafi inda aka ce. Aikin darakta shi ne gudanarwa. Ku dubi mai shago da yaron shagonsa a Kantin Kwari. Maigida ba ya tsayawa yana auna yadi, amma ƙarshen wata zai zauna a buɗe littafi. Bambancin kawai shi ne amintattu ba su ne masu shagon ba. Dukiyar ƙungiya ba ta kowa ba ce, ta fi kama da waƙafi, su kuma masu kula ne. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta faɗi haka ƙarara: kuɗi da kadarorin ƙungiya ana kashe su ne kaɗai a kan manufofinta, ba a raba wa membobi a matsayin riba.

Idan mutum ɗaya ne shugaban amintattu, shi ne darakta, kuma shi ke riƙe da littafin cek, to shi ke rubuta jarrabawa shi ke duba ta. Ko waliyyi ne, ba a yi masa adalci ba, domin ranar da wani ya yi masa ƙazafi ba shi da shaidar da zai kare kansa.

Mataki na biyu: zaɓen amintattu

Doka ta yarda a yi rajista da amintattu biyu, amma biyu sun yi kaɗan. Ku nemi biyar, bakwai ko tara, adadi mara, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Doka ta hana a naɗa yaron da bai kai shekarun girma ba, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda aka ayyana ya karye a harkar kuɗi bai farfaɗo ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara biyar kafin naɗin.

Wannan na doka ne. Na hankali ya fi shi wuya. Kuskuren da muka fi yi shi ne mu jero manyan sunaye: hakimi, tsohon kwamishina, babban ɗan kasuwa, don takardar ƙungiya ta yi kwarjini. Waɗannan mutane ba su da lokacin karanta rahoton kuɗi, kuma idan suna zaune babu mai iya yin tari. Ku ba su matsayin iyayen ƙungiya, a gayyace su ranar walima da ranar neman gudummawa, a kai musu gaisuwar salla. Kujerar amintattu kuwa ta masu zuwa taro ce.

Ku nemi wanda ya san lissafi sosai, akanta ko tsohon ma'aikacin banki. Ku nemi lauya, ko wanda ya saba da takardun hukuma. Ku sa mata, ba don cika sharaɗin masu ba da tallafi ba, sai don yawancin waɗanda ƙungiyoyinmu ke taimakawa mata ne da yara, kuma akwai maganar da bazawara ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Ku sa wanda ya fito daga cikin mutanen da kuke wa aiki. Kada mutum biyu su fito daga gida ɗaya, kada kuma a sa wanda abincinsa ke hannun wanda ya kafa ƙungiyar. A cikinsu lallai a sami mutum ɗaya da zai iya kallon shugaba cikin ladabi ya ce, "Alhaji, a dakata tukuna, ban gane wannan lissafin ba." A namu kwamitin wata malamar makaranta ce mai ritaya. Ba ta ɗaga murya, sai dai ta gyara tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, ina rasit ɗin?" Da farko mun ji haushinta. Daga baya ita muke roƙo kada ta sauka.

Kafin ku rubuta sunan kowa, ku same shi ku faɗa masa gaskiya: taro sau huɗu a shekara, babu albashi, kuma idan abu ya ɓaci sunansa na cikin takarda. Wanda ya ce "ku dai sa sunana kawai", ku gode masa ku wuce.

Mataki na uku: tsarin mulki da rajista

Yawancin ƙungiyoyi suna zuwa shagon buga takardu a kwafo musu tsarin mulkin wata ƙungiya, a canja suna, shi ke nan. Ba a sake buɗe shi sai ranar rigima, a tarar bai ce komai ba kan abin da ake rigimar a kai. Ku zauna ku rubuta naku, ku fassara shi da Hausa a karanta wa membobi. Ya amsa waɗannan a fili: shekara nawa amintacce zai yi kuma sau nawa za a iya sabunta masa, mutum nawa za su hallara kafin shawarar taro ta halatta, ta yaya ake cire amintacce ko shugaba, su wa ke sa hannu a banki, ta yaya ake gyara tsarin mulkin kansa, ina dukiya za ta tafi idan ƙungiya ta rushe. A kan na ƙarshen doka ta riga ta yanke: bayan biyan bashi, abin da ya rage ana miƙa shi ga wata ƙungiya mai manufa irin taku, ba a rabawa.

Wa'adi nake so ku fi kula da shi. Shekara uku, a sabunta sau ɗaya, ya wadatar. Kuma kada wa'adin kowa ya ƙare rana ɗaya. Ku tsara ta yadda kashi ɗaya cikin uku ke sauka kowace shekara, sababbi su tarar da tsofaffi. Ku rubuta wannan yanzu da kowa ke dariya da juna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rajistar kanta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ake yi, ta shafinta na intanet. Za a fara neman amincewa da suna, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan a miƙa tsarin mulki da bayanan amintattu da minit ɗin taron da aka naɗa su. Idan takardar ta fito, a ajiye ta a ofis, kowane amintacce ya riƙe kwafi.

Mataki na huɗu: babban darakta

A nan ake yawan ɓatawa, domin galibi wanda ya kafa ƙungiyar ne ke son kujerar, kuma ya cancanta. Shi ya yi yawon rana, shi ya ci bashin kuɗin hayar ofis. Babu laifi ya zama darakta. Sai dai ya zaɓi ɗaya: ko ya zama darakta mai albashi yana ba da bahasi ga amintattu, ko ya zama shugaban amintattu ba albashi a ɗauko wani ya gudanar. Dokar ta hana a bai wa ɗan kwamitin da ke jagorantar ƙungiya muƙami mai albashi a ƙungiyar, in ban da wanda ke zama a kwamitin saboda ofishinsa. Daga cikin abin da aka yarda a biya amintacce akwai mayar masa da kuɗin da ya kashe a hidimar ƙungiya, ko hayar da ta dace idan gininsa ake amfani da shi.

Ku ba darakta takardar kama aiki, ko da ɗan'uwanku ne na jini. A rubuta aikinsa, albashinsa, da yadda za a rabu idan rabuwa ta zo. Amintattu ne ke yanke albashin, kuma ya fita waje lokacin da ake maganar. Sannan a rubuta masa iyakar ikonsa da lambobi. Misali, abin da bai wuce naira dubu 200 ba kuma yana cikin kasafi, ya kashe da kansa. Daga nan zuwa miliyan 1, sai da sa hannun ma'aji. Abin da ya haura, ko sayar da kadara, ko cin bashi, ko karɓar tallafi mai sharuɗɗa, sai kwamiti ya zauna. Ku daidaita lambobin da girman aljihunku, amma su kasance a rubuce.

Farkon shekara a yarda da shi kan abu huɗu ko biyar da za a auna shi da su: yara nawa za su koma makaranta, nawa za a tara, yaushe rahoton odita zai fito. Ƙarshen shekara shugaba da wani amintacce ɗaya su zauna da shi a duba. Shi ma a tambaye shi inda kwamiti ya gaza masa.

Domin laifin ba kullum na darakta ba ne. Na ga amintaccen da ke kiran direban ƙungiya kai tsaye ya kai iyalinsa biki. Na ga wanda ke turo ɗan ƙanwarsa da 'yar takarda a ba shi aiki. Amintacce shi kaɗai ba shi da iko a kan ko masinja. Ikonsa yana cikin taro ne, tare da sauran. Idan ya ga abin da bai gamshe shi ba a ofis, ya faɗa wa shugaba, shugaba ya yi magana da darakta. Ma'aikacin da ke da iyayen gida bakwai ba ya jin maganar ko ɗaya. Shi kuma shugaba da darakta su riƙa ganawa ko sau ɗaya a wata, ko a kan shayi ne, da sharaɗi guda: kada darakta ya bari shugaba ya ji mummunan labari a bakin wani.

Mataki na biyar: taro

Sau huɗu a shekara, a sa ranakun tun watan Janairu. Ajanda da rahoton kuɗi su isa ga kowa mako ɗaya kafin ranar, ko ta WhatsApp ne. Bayan addu'a a karanta minit ɗin baya, a bi abin da aka ce za a yi ɗaya bayan ɗaya. Sakatare kada ya rubuta hira. Ya rubuta abin da aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, wa bai yarda ba. Kafin a tashi, darakta da ma'aikata su fita na ɗan lokaci amintattu su tattauna su kaɗai. A riƙa yin haka kowane taro, don ranar da ake da dalili kada fitar ta zama abin zargi.

Mataki na shida: kuɗi

Asusu da sunan ƙungiya, ba da sunan kowa ba. Idan har yanzu gudummawa tana shiga asusun shugaba ko na matarsa "kafin a gama takardu", ku tsayar da komai ku gyara wannan tukuna. Masu sa hannu su zama uku, kowane biyu su iya fitar da kuɗi. Kada wanda zai yi tafiya ya sa hannu a cek babu adadi ya bari. Mu mun yi haka shekara da shekaru da sunan sauƙaƙawa, Allah ne kawai ya rufa asiri. Yanzu da tiransifa ta maye gurbin cek, ku nemi banki ya tsara ta yadda mutum ɗaya zai shigar, wani dabam ya amince, kuma alat ya riƙa zuwa wayoyi biyu.

Kowane kuɗi ya bi ta hannu uku: mai nema, mai amincewa, mai biya. Ko ku huɗu ne a ofis za a iya. Bayanin asusu na wata-wata ya je wa ma'aji kai tsaye daga banki, ya gwada shi da littafin ofis da kansa. Kuɗin ƙananan hidimomi a ƙayyade shi, ba a ƙara wani sai an kawo rasit ɗin na baya. Inda babu rasit, kamar mai a-daidaita-sahu ko mai dakon kaya, a yi 'yar takarda a sa hannu. Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, ku tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa.

Kuɗin da aka bayar don wani abu takamaimai ba a karkatar da shi. Wanda ya ba da na rijiya, rijiya za a haƙa, ko da albashi ya maƙale. Idan dole ta sa, a koma a nemi izininsa a rubuce. Zakka kuwa a ware mata shafinta dabam, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba, ba a haɗa ta da kuɗin fenti. Ƙarshen shekara a kira odita daga waje. Amintattu ne za su zaɓe shi, gare su zai kawo rahoto, kuma su gana da shi ba tare da darakta ba. Ku yi ƙoƙarin tara abin da zai riƙe ofis wata uku idan tallafi ya yanke, don yakan yanke ba sallama.

Mataki na bakwai: kwangila, dangi da kyauta

A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, ba zai yiwu a ce ba za a taɓa sayen kaya a wurin dangi ba. Abin da ake so shi ne a faɗa. Farkon shekara kowane amintacce da darakta su rubuta kasuwancinsu da na makusantansu. Idan maganar sayen siminti ta taso kuma ƙanin wani ke sayarwa, ya faɗa da bakinsa, ya fita, a nemo farashi daga wuri uku, a rubuta a minit cewa ya fita.

Kyauta ta fi wuyar sha'ani. Ɗan kwangila zai aiko da rago da salla, ya ce zumunci ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Wannan ma'aunin ya isa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A kuma bai wa ma'aikata lambar amintacce ɗaya da za su iya kai wa ƙorafi a asirce, domin akanta da direba sukan san ɓaraka tun kafin kowa.

Mataki na takwas: haƙƙin hukuma

Wannan gajere ne, amma mantuwa a kansa tana da tsada. Ana miƙa rahoton shekara ga CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, jinkiri yana jawo tara. Idan an canja amintacce, ko mutuwa ta yi, sai an sanar da hukumar kafin canjin ya zauna. Ku karɓi lambar haraji, ku riƙa cire harajin albashin ma'aikata kuna miƙa wa hukumar haraji ta jiha, domin rashin neman riba bai ɗauke muku wannan ba. Bankuna sukan nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Sashe na 839 na dokar 2020, wanda ya bai wa CAC damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙo idan an sami almundahana, ya tayar da ƙura sosai, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi fatali da shi, har magana ta kai kotu. Ko yaya mutum ke kallon sashen, wanda littafinsa ke tsaf ba shi da fargabar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Mataki na tara: ranar sauka

Babu maganar da ta fi wannan nauyi a baki. A watan Janairun 2017, wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, wadda ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyi irin waɗannan shekara 20, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocinsa a Najeriya. Cikin kwanaki gwamnati ta sauke babban sakataren hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idar. Ke nan kada ku jira doka ta sauke muku kowa. Ku ne za ku tsara, tun mai kujerar yana da lafiya kuma ana ganin girmansa.

Ku fara da ta gaggawa. Shafi ɗaya ya isa: idan darakta ya kwanta yau, wa zai riƙe, wa zai sa hannu a madadinsa, wa zai kira masu ba da tallafi. Lambobin sirri na imel da shafukan ƙungiya a rubuta a rufe a ambulan, shugaba ya ajiye. Duk mai ba ku gudummawa ya san fuskar mutum biyu aƙalla. Darakta ya riƙa tafiya da mataimakinsa wurin manya, ya kuma riƙa ɗaukar hutunsa na shekara cikakke. Wata ɗayan nan da ba ya nan shi ke nuna muku inda rufin ke yoyo.

Sai ta dogon zango. Idan wa'adi ya rage shekara ɗaya, a kafa mutum uku su nemo magaji, a tallata kujerar ko da kuna da wanda kuke so. Sabo da tsoho su yi wata biyu ko uku tare, a miƙa kaya da takarda: kadarori, basussuka, alkawuran da aka ɗauka da baki. Tsohon kuma kada a mayar da shi shugaban amintattu washegari, domin sabon ba zai iya motsa ko kujera ba yana kallonsa. A karrama shi, a sa shi cikin iyayen ƙungiya, a bar shekara ɗaya ko biyu ta wuce.

Namu shugaban da Allah ya ba shi lafiya, a taron farko da ya halarta ya shigo da leda baƙa ya ajiye a kan tebur. Takardar rajista ce, da littafin cek, da wani tsohon littafin makaranta mai ɗauke da lambobin mutane. Ya tura wa malamar nan mai tabarau, ya ce, "Hajiya, a ƙirga a gabana, a ba ni rasit."